Abincin da cikinsa ke rufe: Yadda Musulmi zai nemi gidan jiaozi na ƙwarai a birnin Guangzhou

  

'Yan uwa masu bibiyar wannan fili, hanyar ƙasar Sin ta zama tamu. A da idan ɗan kasuwa ya yi nisa, to Legas ce ko Kwatano, daga baya aka koma Dubai. Yau kuwa da wuya ka shiga babbar kasuwa a Kano ko Maraɗi ba ka tarar da wanda ya san birnin Guangzhou ba. Wannan birni shi ne hedikwatar lardin Guangdong da ke kudancin ƙasar, kuma ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mazaunansa sun haura miliyan 18. A nan ake yin babban baje kolin Canton sau biyu a shekara, tun daga 1957. Bayan 'yan kasuwa, ga 'ya'yanmu da ke karatun likitanci da injiniyanci a jami'o'in ƙasar.

Mafi yawan tambayoyin da matafiya ke kai wa malamai kafin su tashi, na sallar ƙasaru ne da haɗa salloli da gane alƙibla. Kaɗan ne ke tambaya a kan abin da za su sa a baki, alhali jikin da zai tsaya sallar da abinci ake gina shi. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, labarin matafiyin da ya sha hanya, ya yi buɗu-buɗu da ƙura, yana ɗaga hannu yana roƙon Ubangijinsa, amma cinsa da shansa da suturarsa na haram ne, sai Manzon Allah (SAW) ya nisantar da amsa addu'arsa. A lura, matafiyi aka buga misali da shi, wanda yake cikin mutanen da aka fi sa rai a amsa musu.

Saboda haka yau za mu ɗauki abinci guda ɗaya, wanda duk wanda ya zauna a Sin sai an miƙo masa shi, mu yi magana a kan yadda ake neman gidan da ya iya shi kuma ya halatta a ci nasa. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: abincin da cikinsa ke rufe ba a gane shi a faranti, a gidan da aka yi shi da hannun da ya ƙulla shi ake gane shi. Wanda ya iya zaɓen gida ya huta da shakka, ya kuma samu daɗi.

Mene ne jiaozi?

Jiaozi kwaɓin fulawa ne da ake murzawa ya yi fale-fale, faɗinsa kamar tafin hannun yaro, a zuba niƙaƙƙen nama da ganye a tsakiya, a naɗe a matse bakin. Wani a ruwa ake dafa shi, ya taso sama idan ya nuna kamar ɗan wake. Wani a turara shi a kwandon gora. Wani kuma a soya gindinsa a kasko. Ana tsoma shi a khal da man barkono kafin a kai baki. Yana da 'yan uwa da yawa: baozi, wanda ake sa wa yis ya tashi kamar burodi, wonton, wanda ke zuwa cikin romo, xiaolongbao na yankin Shanghai mai romo a cikinsa, da ire-iren 'yan ƙananan da mutanen Guangdong ke ci da shayin safe, waɗanda ake kira dim sum.

Abinci ne mai tsohon tarihi. Masu haƙar kayan tarihi sun samu busassun jiaozi a maƙabartar Astana da ke kusa da Turpan, na zamanin daular Tang, fiye da shekara dubu da suka wuce. A arewacin ƙasar, inda alkama ce cimarsu, iyali kan taru su ƙulla shi tare a daren sabuwar shekararsu, kuma da shi ake karɓar baƙon da ake girmamawa. Don haka idan mai masana'anta ya gayyace ka ya sa aka kawo maka shi, ba raini ba ne, karamci ne. Wannan ne ma ya sa ƙin cinsa ke da nauyi ga wanda bai shirya amsa tun daga gida ba.

Darasin matasan kogo

Neman abinci mai tsarki a baƙon birni ba sabon al'amari ba ne. A aya ta 19 cikin Suratul Kahfi, Allah Ya ba mu labarin abin da matasan kogo suka fara yi bayan sun farka daga dogon barcinsu: sun ba ɗayansu kuɗin azurfa, suka aike shi cikin birni ya duba abincin da ya fi tsarki ya sayo musu, suka kuma gargaɗe shi da ya bi a hankali. Malaman tafsiri, irin su Ɗabari da Ƙurɗubi, sun kawo fassarar magabata a kan wannan tsarki. Wasu sun ce abin nufi shi ne wanda ya fi halatta, musamman ta fuskar yanka, domin mutanen garin ba masu kaɗaita Allah ba ne. Wasu kuma sun ce wanda ya fi kyau da inganci.

Duba halin da suke ciki. Yunwa suke ji, kuma suna tsoron a gane su a kashe su ko a mayar da su kafirci. Duk da haka ba su ce wa ɗan aiken ya ɗauko duk abin da ya fara gani ba. Ba su kuma ce za su zauna a kogo da yunwa don kada su kusanci abincin mutanen garin ba. Sun shiga kasuwa da kuɗinsu, suka duba, suka zaɓa, cikin lalama. Mu kuwa da ke sauka da biza a fasfo da waya a hannu, babu mai farautarmu, wane uzuri gare mu?

Fassarorin nan biyu ba sa karo da juna. A aya ta 168 cikin Suratul Baƙara an haɗa sifofi biyu ga abin da aka umarci mutane su ci: halal da kuma mai kyau. Gidan da namansa yankan Musulmi ne amma ya kwana a zafi ya fara wari, ya cika sharaɗi ɗaya ya bar ɗaya.

Inda haram ke ɓuya

Abu na farko da ya kamata matafiyi ya sani: ƙasar Sin ita kaɗai ke cin kusan rabin naman aladen da ake ci a duniya. A takardar jerin abinci ta gidan da ba na Musulmi ba, idan aka rubuta harafin 肉, wanda ke nufin nama, ba a faɗi na wace dabba ba, to alade ake nufi. Naman sa sai an sa 牛 a gabansa, na tunkiya ko akuya kuma 羊. Harafin alade shi ne 猪. Wanda ya tambaya da Turanci ko da manhajar fassara aka ce masa nama ne kawai, gaskiya aka faɗa masa a harshensu, shi ne bai fahimta ba.

Na biyu, kitse. Jiaozi mai daɗi sai da maiƙo a ciki, kuma maiƙon da ya fi sauƙi a hannun mai girki shi ne na alade. Har gow, wanda ke da fata garai-garai ana hango jatan lande ta ciki, a girkin gargajiya ana haɗa shi da kitsen alade. Siu mai na Guangdong rabinsa alade ne. Wonton na wannan birni jatan lande ne da alade, romon kuma da ƙashin alade ake yawan haɗa shi. Har na ganye zalla akwai masu murza shi da man alade don ƙamshi. A mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, amma halaccin jatan lande ba ya wanke abin da aka cakuɗa shi da shi.

Na uku, romon xiaolongbao. Mutane kan yi mamakin yadda ake zuba ruwa a cikin kwaɓi a rufe. Duk matar da ta taɓa dafa ganda ko ƙafar sa ta san sirrin: idan romon ya huce yakan daskare. Haka suke yi, sai dai da fatar alade. A dafa ta har ta narke, a bar romon ya sandare, a yayyanka a haɗa da naman. Idan tururi ya buga sai ya koma ruwa. Ko an ce maka na kaguwa ne, akasari tushen nan yana ciki.

Na huɗu, giyar girki. Sinawa na da giyar shinkafa da suke kira liaojiu, wadda ake ɗigawa a niƙaƙƙen nama don kashe ƙarni. A wurinsu kamar citta take ko tafarnuwa, ba wanda zai tuna ya ambata maka ita.

Na biyar, tukunya. A gidan jiaozi tukunya ɗaya ce ke tafasa tun safe, a cikinta ake jefa na alade da na sa da na ganye, wasu kuma suna fashewa a ciki. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa najasa ko kaɗan ce tana ɓata abinci mai ruwa, kuma Shaihu Khalil a Mukhtasar ya lissafa naman da aka dafa da najasa da ƙwan da aka dafa a cikinta cikin abubuwan da ba sa karɓar tsarkakewa. Idan ƙwai mai ɓawo haka hukuncinsa yake, ina ga kwaɓin fulawa da ke tsotsar ruwa?

Na shida shi ne wanda aka fi gafala da shi, wato yanka. Da yawa suna ganin idan an kauce wa alade an gama. Aya ta 5 cikin Suratul Ma'ida ta halatta mana yankan Ahlul Kitabi, Yahudu da Nasara. Mafi yawan Sinawan da ba Musulmi ba kuwa ba sa cikin waɗannan. Ko mabiya addinin Buda ne, ko na gargajiya, ko marasa addini. Saboda haka naman sa ko na kaza da ya fito daga mahautar da ba ta Musulmi ba hukuncinsa hukuncin mushe ne, ko da alade bai taɓa shi ba. Rubutun da ke cewa babu alade a gida ba shaidar halal ba ne.

Ɓangarori biyu da suka kauce

A kan wannan mas'ala mutanenmu sun kasu. Akwai masu cewa tafiya lalura ce, a yi bisimilla a ci. Suna kafa hujja da hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, da ke cikin Bukhari, inda aka tambayi Manzon Allah (SAW) game da naman da ba a san ko an ambaci sunan Allah wajen yanka shi ba, ya ce su ambata su ci. Amma masu kawo naman nan Musulmi ne sababbin shiga, kamar yadda ruwayar kanta ta bayyana. Hadisin yana koya mana kyautata zato ga yankan Musulmi. Bisimilla ba ta mayar da mushe yankakke. Lalurar da aya ta 173 cikin Baƙara ta yi rangwame a kanta kuwa, ita ce ta wanda ya rasa komai har yana tsoron halaka. Wanda ke birnin da kusan kowace unguwa akwai gidan abincin Musulmi, ga shinkafa da ƙwai da 'ya'yan itace a kowane kanti, ba lalura ke damunsa ba, kasala ce. Karin maganar nan da ke cewa idan ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemi taka, ba ta aiki a kan abin da Allah Ya haramta.

Akwai kuma masu tsanantawa, waɗanda duk abin da hannun Basine ya taɓa abin ƙyama ne a wurinsu. Mutum zai yi wata guda a ɗakin otal yana jiƙa garin kwaki da biskit, ko ɗalibi ya shekara huɗu bai taɓa zama a gidan abincin 'yan ƙasa ba. Wannan ba tsantseni ba ne, rashin sani ne, kuma akwai rashin adalci a cikinsa ga 'yan uwanmu. Ƙasar Sin na da ƙabilu goma da akasarinsu Musulmi ne. Ƙidayar 2020 ta nuna 'yan ƙabilar Hui sun haura miliyan 11, haka ma Uygur. Masallacin Huaisheng da ke titin Guangta a Guangzhou na cikin mafi tsufa a ƙasar. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya ba da labarin wannan birni a tsakiyar ƙarni na 14, ya ambaci cewa Musulmi na da unguwarsu da masallaci da kasuwa da alƙali. Mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna tsare bakinsu a tsakiyar masu cin alade, har maƙwabtansu suka san su da wannan kafin komai, ba mu ne za mu koya musu ƙyamarsa ba. Hasali ma sun fi mu kaffa-kaffa, domin da yawansu ko kofin shayi ba sa sha da shi a gidan da ake dafa alade.

Haruffa biyu da ya kamata a haddace

Baƙo ko da ido makaho ne, amma haruffa biyu kan buɗe masa ido: 清真. Ana furta su kamar cing-jan, ana rubuta su qingzhen, ma'anarsu tsarki da gaskiya. Da su Musulmin Sin ke nuna abincin halal, da su kuma ake kiran masallaci. Haddace su ya zama dole, domin a shekarun nan hukumomi a birane da dama sun sa an cire rubutun Larabci da wasu alamomin Musulunci daga allunan gidajen abinci, kamar yadda aka yi a Beijing a 2019. Wanda ke yawo yana neman kalmar halal da Larabci zai iya wuce gida goma na Musulmi bai sani ba.

A Guangzhou mafarin nema shi ne kewayen masallatai. Unguwar da ke zagaye da Huaisheng, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Ximenkou, tsohuwar mazaunar Musulmi ce. Ba nisa da nan, a titin Zhongshan na shida, aka daɗe da sanin gidan abincin Huimin Fandian, wanda ya yi suna wajen yin dim sum irin na Guangdong da naman sa da na rago da kaza. Sai masallacin Xianxian da ke kusa da lambun Yuexiu, inda baƙi da yawa ke sallar Juma'a. A nan ne kabarin da Musulmin ƙasar ke jingina wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yake, ko da yake abin da ya tabbata a wurin malaman tarihi shi ne a kusa da Madina ya rasu, aka binne shi a Baƙi'a. Bayan sallama ka tambayi na kusa da kai inda yake cin abinci da iyalinsa. Matambayi ba ya ɓata. Sai unguwar Xiaobei, wadda 'yan kasuwarmu suka fi sani, inda gidajen Hui da Uygur da Larabawa da Turkawa suka yawaita.

A sauran unguwanni, abin dogaro shi ne shagunan taliyar Lanzhou da ake ja da hannu. Akasarin masu su Musulmi ne daga arewa maso yamma, musamman lardin Qinghai, kuma da yawansu na dafa jiaozi na naman sa ko rago. A gidajen Uygur kuma ka nemi manta, wanda ake turarawa da naman rago da albasa, wani lokaci da kabewa, da samsa da ake gasawa a tanderu. A yi hattara da gidajen jiaozi na mutanen arewa maso gabas da shagunan Shaxian da suka cika birnin. Suna da araha da farin jini, amma ginshiƙin girkinsu alade ne, kuma ba su ɓoye hakan ba.

Wanda tafiya ta kai shi arewa, rabonsa ya fi yawa. Unguwar Musulmi ta Xi'an ta shahara da baozi mai romo a ciki da ake yi da sa ko rago, da jiaozi cikin romo mai tsami. A Beijing akwai titin Niujie, inda aka fara gina masallacinsa a shekarar 996. Duk abin da aka ce maka sai da alade yake daɗi, akwai Musulmin da ya gaji yin sa da naman halal daga kakanninsa.

Game da waya, taswirar Google ba abin dogaro ba ce a can. 'Yan ƙasa da Amap da Baidu da Dianping suke amfani. Ka kwafi 清真饺子, wato jiaozi na halal, ka liƙa a wurin bincike. Amma waya hanya kawai take nunawa. Taurarin da ake bai wa gida na masu neman daɗi ne, ba na masu neman halal ba.

Idan ka isa ƙofa

Allo kaɗai ba ya wadatarwa, domin su kansu Musulmin ƙasar na kokawa da masu rataya haruffan nan don kasuwa. Ka dubi masu gidan: farar hula a kan maza, ɗankwali a kan mata, iyali ne ke aiki tare. Ka yi sallama ka ji yadda za a amsa. Ka duba bango ko akwai takardar shaidar da hukuma ko ƙungiyar Musulmi ta yankin ta bayar. Ka duba takardar abinci, babu harafin alade a ko'ina. Sau da yawa za ka ga sanarwar hana shan giya da hana shigowa da abincin waje, wannan alama ce mai ƙarfi. Akwai manyan gidaje masu allon halal da ke sayar da giya saboda baƙi. Namansu na iya zama yankan Musulmi, amma an ruwaito hani ga mumini ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya, don haka gidan da babu ita ya fi cancanta da kuɗinka.

Idan waɗannan sun tabbata, to a tsaya nan. Kada a koma tuhumar Musulmi da tambayar wa ya yanka, da wace wuƙa, ya fuskanci alƙibla ko bai fuskanta ba. A nan ne hadisin Nana A'isha ke aiki.

Saura inganci. Gida na ƙwarai ba ya ɓoye masu ƙullawa; za ka gan su a bayan gilashi ko a teburin ƙarshe suna murza fata ɗaya bayan ɗaya. Fatar da aka murza da hannu tsakiyarta ta fi kauri, gefenta ya fi siranta, don kada gindi ya fashe, bakin kuma kada ya yi tauri. Wadda ta fito daga inji kaurinta ɗaya ne, kuma idan an daɗe da daskarar da ita gefenta kan yi fari ya tsattsage. Ka fifita gidan da abincinsa kaɗan ne, domin mai sayar da abu ɗari da wuya ya ƙulla nasa a ranar. Ka je lokacin da 'yan gari ke ci, wajen ƙarfe 12 na rana ko 6 na yamma, ka ga ko akwai tsofaffi da iyalai. Inda ake cinyewa da sauri nama ba ya kwana, a birni mai zafi da laima kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan an kawo, ka fara gutsurar ɗaya ba tare da tsomawa a komai ba. Na kirki ruwan nama ke fitowa daga cikinsa, da ƙamshin citta da lawashi. Idan yaji ya rufe komai, ko ka ji tsami-tsami, ruwa ba ya tsami banza. A arewa kuma da awo ake saye: liang ɗaya giram 50 ne, amma nauyin fulawar ake nufi, yakan ba da guda biyar ko shida.

Bin a hankali

Gargaɗin ƙarshe da matasan kogo suka yi wa ɗan aikensu shi ne lalama, kuma muna buƙatarta. Idan abokin ciniki wanda ba Musulmi ba ya gayyace ka, kada ka bari sai an cika tebur sannan ka ture faranti. Tun kafin ranar ka sanar da shi kai Musulmi ne, qingzhen kake ci. Kalma ce da suka sani, kuma da yawansu za su nemi gidan da kansu, domin mai masauki ba ya son baƙonsa ya tashi da yunwa. Idan abin ya zo ba shiri, ka gode, ka sha shayi, ka ci farar shinkafa da 'ya'yan itace, ba tare da yatsina fuska ba. Hadisin Abu Sa'alaba al-Khushani da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna cewa kwanonin waɗanda ba Musulmi ba, idan akwai wasu a bar su, idan babu a wanke a ci a ciki. Addini bai ƙuntata ba.

A gidan ɗan uwa Musulmi kuma, kada ka shiga da abincin da ka sayo a waje, ko da ka tabbata halal ne, domin a wurinsu wannan keta alfarmar gida ne. Kada ka ɗaga murya ga ma'aikata don ba sa jin harshenka. Kada ka ja mai gida cikin hirar siyasar ƙasarsa ko ka ɗauki hotonsa ba izini. Kai za ka hau jirgi ka koma, shi zai zauna da abin da ya biyo baya. Akasarinsu 'yan mazhabar Hanafiyya ne, idan ka ga wani bambanci a sallarsu ba abin gyara ba ne.

Ga iyaye da masu gida

Uwar da ke cika jakar ɗanta da kilishi da dambun nama ta sani dokar kwastan ta Sin ta hana matafiyi shiga da nama, ana iya ƙwace shi a filin jirgi. Ko ya wuce ma, guzuri ƙarewa yake yi. Guzurin da ba ya ƙarewa shi ne ilmi: yaro ya san hukuncin yanka, ya san haruffan da muka ambata, ya san jami'o'i da yawa a can na da ɗakin cin abinci na Musulmi, ya tambaya tun ranar da ya sauka. Limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ma su sa wannan cikin nasihar da suke yi wa masu tafiya. Ma'aunin nan kuma bai tsaya a Guangzhou ba. Da shi za a auna gidan abincin Sinawa a Landan ko Legas ko Abuja: wa ke kawo nama, me ake soyawa da shi, ana sa giyar girki ko ba a sa.

Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu, a hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, cewa halal a bayyane yake, haram ma haka, a tsakaninsu akwai abubuwa masu rikitarwa, kuma wanda ya nisance su ya kuɓutar da addininsa da mutuncinsa. Jiaozi a gidan da ba ka sani ba yana cikin masu rikitarwar nan, sau da yawa ma ya wuce nan. A gidan Musulmi mai amana kuwa halal ne bayyananne, kuma ni'ima ce cikin ni'imomin da Allah Ya rarraba tsakanin al'ummomi don su san juna. Tsakanin gidajen biyu sau da yawa tafiyar minti goma ce a ƙafa. Wanda ya ƙetare teku don neman halal na kasuwa bai kamata minti goma su gagare shi don halal na ciki ba.

Allah Ya ciyar da mu halal mai albarka, Ya tsare matafiyanmu, Ya dawo da su gida lafiya da addininsu da dukiyarsu. Allah ne mafi sani.